Kwana Biyar Na Farko: Nazarin Gwajin Ƙwayoyin Kabon A Kan Fumfunar Da Ke Zuba Guba A Abinci

A watan Fabrairun 2013 aka fara kwashe madarar kwali daga kantuna a ƙasashen Kuroshiya da Sabiya. Madarar ba ta yi tsami ba, ba ta sauya launi ba, wanda ya kurɓa ma ba abin da zai ji a harshensa. Awon ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ya nuna tana ɗauke da gubar afulatoksin M1 fiye da yadda doka ta yarda. Da aka bi sawu sai aka tarar laifin ba na shanu ba ne, ba kuma na masu tatsa ba. Daga masarar da aka ciyar da shanun abin ya taso, ita kuwa masarar tun tana tsaye a gona ta kwaso cutar, a lokacin zafi na 2012.

Shekarar an yi fari mai tsanani a filayen noman yankin, musamman Boybodina da ke arewacin Sabiya, ga kuma zafi na fitar hankali. Masara in ta sha ƙishi a lokacin da take cika ido, ƙwayarta kan tsage, ɓawon da ya lulluɓe goyon kuma ba ya rufewa da kyau. Tsutsa ta huda ta shiga, ta bar ƙofa a buɗe. Ta wannan ƙofar, da ta gemun masarar, fumfunar da masana ke kira Aspergillus flavus ke samun hanya. Wannan fumfuna tana son zafi, tana jure bushewar da ke kassara sauran 'yan'uwanta, saboda haka shekarar fari kakarta ce ta yanke saƙa. In ka ɓare goyon da ta kama sosai za ka ga wani gari mai launin kore-kore da ratsin rawaya ya taru a bakinsa ko a gefen ramin tsutsa. Amma sau da yawa ba a ganin komai. Ƙwayar tana nan fes a ido, gubar na ciki.

Lamarin bai tsaya a yankin ba. A farkon Maris na 2013 hukumomin Jamus suka sanar cewa an shigo da masarar Sabiya tan 45,000 ta jirgin ruwa, kuma kimanin tan 10,000 daga ciki ta riga ta isa masana'antun abincin dabbobi, daga can ta bazu zuwa dubban gonakin kiwo a arewacin ƙasar. A wasu samfuran an auna gubar kusan ninki goma na abin da aka halatta. A Sabiya kuwa ministan noma na lokacin ya sha madara a gaban 'yan jarida don kwantar da hankalin jama'a, sannan gwamnati ta ɗaga iyakar da doka ta gindaya daga maikurogiram 0.05 a kowane kilo zuwa 0.5 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Don a yi adalci, 0.5 ɗin ita ce iyakar da Amurka ke aiki da ita, Tarayyar Turai ce ke riƙe da 0.05. Sai dai uwar da ke zuba wa ɗanta madarar ta san cewa takarda aka sauya, abin da ke cikin kwalin yana nan yadda yake.

Na fara da wannan labari ne saboda birane biyu da ke zaune a cikin waɗannan filayen masara, Osijek a Kuroshiya da Novi Sad a Sabiya, daga jami'o'insu ne masana suka fito da gwajin da nake son mu duba a tsanake. Tambayarsu ita ce: in ƙwayoyin kabon masu ƙanƙanta suka haɗu da wannan fumfuna, me zai faru da ita, me kuma zai faru da gubarta?

Gubar da wuta ba ta ci

Duniya ta san afulatoksin ne a 1960, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Daga sunan fumfunar aka ciro sunan gubar. Manyan nau'o'inta huɗu ne, B1 da B2 da G1 da G2, kuma haruffan sun samo asali ne daga launin da suke bayarwa a ƙarƙashin fitilar da ke fitar da hasken da ido ba ya gani: B na shuɗi, G na kore, a sunayensu na Turanci. B1 ce uwa uba wajen illa. In saniya ta ci ta, hantarta kan juya wani ɗan kaso zuwa M1, cikin yini guda sai ta bayyana a nono.

A jikin mutum ma hanta ce ke karɓar dukan. Tana ƙoƙarin narkar da gubar sai ta mai da ita wani sinadari mai kaifi da ke manne wa ƙwayoyin gado yana ɓata rubutunsu. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya afulatoksin a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau da yawa. In kuma aka ci da yawa a lokaci ɗaya, ba a ma jiran sankara. A gabashin Kenya a 2004 an lissafa mutum 317 da suka kwanta bayan cin gurɓatacciyar masara, 125 daga cikinsu ba su tashi ba.

Abin da ya sa wannan guba ta zama ƙarfen ƙafa shi ne taurin kanta. Dafuwa ba ta kashe ta, tafasa madara ba ya kore ta, ana iya kashe fumfunar gaba ɗaya gubar da ta riga ta zubar ta ci gaba da zama a cikin hatsin. Ga shi kuma ɗan kaɗan ya isa. Iyakar nan ta 0.05 in aka faɗaɗa lissafinta, miligiram 50 ke nan a cikin madara tan dubu. Don haka duk mai neman magani a wannan fage, abin da ya kamata ya sa wa ido shi ne gubar. Kashe fumfuna hanya ce kawai ta isa can, kuma kamar yadda za mu gani, hanyoyin biyu ba kullum suke tafiya tare ba.

Ƙwallon da aka yi da kabon sittin

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita dubu tamanin ko kusa da haka. A wannan ƙanƙanta, kabon ɗin da muka sani a gawayi da bakin fensir yakan ɗauki siffofi masu ban mamaki. A 1985, a Jami'ar Rice da ke Amurka, Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley suka gano wani dunƙule na ƙwayoyin zarra sittin na kabon da suka haɗu kamar ƙwallon ƙafa, mai faci goma sha biyu masu kusurwa biyar da faci ashirin masu kusurwa shida. Aka sa masa suna fularin, su kuma suka karɓi kyautar Nobel a 1996. Bayansa aka samu bututun kabon, wanda Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991, sai girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin zarra ɗaya, da aka ɓanɓaro a Manchesta a 2004, sai ɗigon kabon masu ƙyalli da aka ci karo da su a wannan shekarar.

Fularin ba ya narkewa a ruwa. Amma in aka liƙa masa hannaye na oksijin da haidurojin a jikinsa, sai ya zama fularol, wanda ke shiga ruwa salin-alin. Wanda aka yi gwajin da shi mai hannaye ashirin da huɗu ne, ana rubuta shi C60(OH)24. A cikin ruwan ƙwallayen kan taru su yi curi-curi, kuma curin da aka auna a wannan aiki faɗinsa nanomita takwas ne. Sai ka jera dubu goma kafin su tsallaka silin gashi ɗaya.

Me ya haɗa wannan ƙwallo da fumfuna? Duk halittar da ke shaƙar oksijin, a cikin ƙwayoyin jikinta akwai wasu ɓurɓushin oksijin masu zafin nama da ke tashi kamar tartsatsin maƙera. Kaɗan daga cikinsu na da amfani, amma in suka yi yawa sai su fara cin kitsen bangon ƙwayar kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Tun wajen shekarar 2000 bincike ya nuna cewa wannan tartsatsin na daga cikin abubuwan da ke kunna wa Aspergillus injin yin guba. Injin kuwa ba ƙarami ba ne: jerin ƙwayoyin gado ne kusan talatin a wuri ɗaya, da wani mai suna aflR a matsayin madugu, suna miƙa wa juna sinadari mataki-mataki har a kai ga B1. Fumfunar da ke cikin takura ta fi zuba guba. Shi ya sa fari ke haifar da abin da ya haifar a 2012.

Shi kuma fularol hali biyu gare shi. A cikin duhu yana tsotse tartsatsin kamar soso. In haske ya buge shi yana iya juyewa ya zama shi ne mai haifar da tartsatsin. Tunanin masu binciken ke nan: in ya tsotse tartsatsin da ke cikin fumfunar, wataƙila ta huce ta daina yin guba, ko da ba ta mutu ba. Ya kamata in faɗa cewa su ba wai maganin rumbu kawai suka fito nema ba. Sun kuma damu da cewa ana ƙara amfani da waɗannan ƙwayoyi a masana'antu da kayan shafe-shafe, wata rana za su malala zuwa ƙasa da ruwa su haɗu da fumfunar gona ba tare da kowa ya shirya haɗuwar ba.

Abin da aka yi a Osijek

Tihomir Kovač da Bojan Šarkanj da abokan aikinsu a tsangayar fasahar abinci ta Osijek ne suka jagoranci aikin, tare da masana sinadarai na Novi Sad. Tsarin gwajin mai sauƙin fahimta ne. An ɗauki wani sanannen iri na Aspergillus flavus mai yin guba, mai lamba NRRL 3251, aka shuka shi a cikin kwalabe masu ruwan abinci na sukari da tsamin yis. Wasu kwalaben aka bar su haka nan don kwatance. Sauran aka zuba musu fularol a ma'auni uku: nanogiram 10, da 100, da 1000 a kowace mililita. Mafi yawan nan, in aka mai da shi abin da hannu zai iya riƙewa, giram ɗaya ne a cikin ruwa lita dubu. Aka bar su suna girma har awa 168, wato mako guda cur, ana ɗiba ana aunawa a kan hanya.

Sakamakon farko ya fito a 2017, kuma mai daɗin ji ne. Nauyin saƙar fumfunar, wato zaruruwan da suka haɗu suka zama jikinta, ya ɗan ragu kaɗan, amma gubar da aka auna a cikin ruwan ta ragu sosai. Da aka duba alamomin tsatsar cikin ƙwayoyin, da sinadaran da fumfunar ke kare kanta da su, sai suka nuna cewa lallai takurar ta sauka. Abin da aka yi hasashe ya tabbata: an lallashi fumfunar ta sassauta, ba tare da an kashe ta ba.

Na daɗe ina juya wannan sakamako a raina, domin ya rushe wani zato da yawancinmu ke ɗauke da shi. Mun saba auna lafiyar abinci da ido: in fumfuna ta yi yawa, guba ta yi yawa, in ba a gan ta ba, shi ke nan. Ga kwalabe biyu a gabanka, saƙar da ke cikinsu kusan ɗaya, amma ɗaya ta fi ɗaya guba nesa ba kusa ba. Idan haka ta yiwu ta wannan fuska, to tana iya yiwuwa ta ɗaya fuskar: fumfuna kaɗan, guba mai yawa.

Awa ta 120

A 2018 ƙungiyar ta sake fitar da wani aikin a mujallar Scientific Reports, wannan karo da haɗin gwiwar masana awon guba na Tulln da ke Ostiriya, waɗanda na'urorinsu ke iya tantance sinadarai masu yawa a ɗiba ɗaya. Irin fumfunar bai sauya ba, ma'aunan uku ba su sauya ba, mako gudan ma haka, a zafin digiri 29 cikin duhu. Abin da aka ƙara shi ne zurfin dubawa. Ba ruwan kwalbar kaɗai aka auna ba, har da cikin saƙar fumfunar kanta. Ba kuma gubar ƙarshe kaɗai ba, har da sinadaran da ke kan hanyar zama guba, matakalar da ake takawa kafin a kai B1.

A nan allura ta tono garma. An ga yawancin sinadaran kan hanyar sun fi taruwa a cikin saƙar fiye da cikin ruwan, in ban da guda ɗaya mai suna siterigmatosistin, wanda fularol ya sauya yadda fumfunar ke fitar da shi waje. Shi ma wannan ba kanwar lasa ba ne, guba ne mai zaman kansa da ake zargi da jawo sankara. Sannan babban abin: bayan awa 120 na girma, ƙarfin fularol na tsotse tartsatsi ya gushe, daga nan kuma sai ya koma yana ingiza fumfunar ta ƙara yin afulatoksin, kuma ƙarfin ingizawar na tafiya da yawan abin da aka zuba.

Kwana biyar yana riƙe da linzami, a na shida ya zama bulala.

A fahimtata, abin bai saɓa wa hankali ba. Soso komai kyansa yana cika. Ita kuma fumfuna a kwana na biyar ba ita ce ta kwana na biyu ba: abincin kwalbar ya fara ƙarewa, girma ya tsaya, ta shiga shekarun da dama a cikinsu take fi yin guba. In a kwanakin farko wani baƙo ya ɗauke mata aikin kare kai, ranar da baƙon ya gaji tartsatsin zai same ta ba shiri, ga kuma sinadaran kan hanya jibge a cikinta suna jiran a ƙarasa su. Wannan karatuna ne na abin da aka gani. Abin da awo ya tabbatar shi ne juyawar, da lokacin da ta faru.

Kuma ba fularol ne farau ba. A 2010 masu bincike a birnin Gent na Beljiyam sun nuna cewa in aka ba fumfunar alkama, Fusarium graminearum, maganin feshi na gona a ma'aunin da bai kai ya kashe ta ba, tartsatsin oksijin kan ƙaru a jikinta, sai ta ƙara zuba gubarta mai sa amai, wadda ake kira DON a taƙaice. Fumfunar da aka raunata ba a kashe ba tana iya fin wadda aka ƙyale haɗari. Duk wanda zai kawo sabon magani a wannan fage, da wannan ma'aunin ya kamata a fara gwada shi.

Ina yaba wa waɗannan masana ƙwarai a kan abu ɗaya. Suna da sakamako mai daɗi a hannu tun 2017, irin wanda ake yayatawa. Suka koma suka tona, suka samo abin da ya rage wa na farkon armashi, suka buga shi a fili da sunayensu. Da a awa 96 aka rufe gwajin, da labarin da duniya za ta ji daban ne.

Tsakanin kwalba da rumbu

Mu ɗauka ma juyawar ba ta faru ba. Har yanzu da sauran tafiya mai nisa. A cikin kwalba fumfuna na iyo ne a ruwa, kowane zarenta na gogayya da ƙwayoyin kabon ta ko'ina. A rumbu kuwa tana ɓoye ne a cikin tsagar ƙwayar hatsi, ko a ƙarƙashin fatarta, inda abin da aka barbaɗa daga waje ba lallai ya isa ba. Gurɓatar hatsi ma ba shimfiɗe take ba. Ƙwaya ɗaya cikin dubbai na iya ɗaukar gubar da za ta ɓata buhu, shi ya sa masu awo ke cewa kuskuren ɗibar samfur ya fi kuskuren na'ura. A kwalba iri ɗaya ne na fumfuna, a rumbu kuwa taron dangi ne, ga ƙwari, ga zafin da ke hawa da sauka tsakanin dare da rana, ga raɓar da ke taruwa a jikin bango.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ya fi damuna. Hatsi ba kwana biyar yake yi a ajiye ba. Watanni yake yi, wani lokaci shekara. Maganin da ke aiki na kwana biyar sannan ya juya, a ma'aunin rumbu bai ma fara aiki ba. Ga kuma haske. An yi gwajin 2018 a cikin duhu, cikin rumbu ma duhu ne, amma abincin da aka ɗaure a leda aka jera a kanta yana kwana yana wuni a ƙarƙashin fitila, kuma mun riga mun san haske na sauya halin wannan ƙwallo.

Kada kuma a manta da darasin 2012: gubar Boybodina a gona aka yi ta. Kafin masarar ta ga ƙofar rumbu aikin gama ya gama. Babu abin da za a zuba a ma'ajiya da zai warware wannan.

Wanda ya fi kisa, shi ya fi ban tsoro

Wani zai ce, to a bar lallashi mana, a nemo nau'in kabon da ke kashe fumfunar kai tsaye. Akwai shi. Wani bincike daga ƙasar Sin da aka buga a 2014 ya gwada nau'o'in kabon shida a kan ƙurar irin fumfunar Fusarium. Bututun kabon mai bango ɗaya ne ya fi ƙarfi, sai mai bango da yawa, sai dangin girafin. Fularin da gawayin da aka sarrafa ba su yi wani abin a zo a gani ba. Yadda masu ƙarfin ke aiki shi ne su lulluɓe ƙwayar irin, su toshe mata hanyar shan ruwa har ta yanƙwane. Sai dai ma'aunin da ake bukata ya ninka na Osijek sau ɗaruruwa.

Matsalar ita ce bututun nan su ne aka fi ɗar-ɗar da su. A 2008 masana a Edinbara ta Birtaniya suka nuna cewa dogayen bututun kabon, in aka sa su a cikin ɓeraye, suna haddasa kumburi irin na zaren asbestos, ma'adinin nan da shaƙar ƙurarsa ke jawo sankara. A 2014 hukumar nan ta Liyon ta sanya wani nau'i guda, MWCNT-7, cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo sankara ga mutum. Wannan hukunci ya shafi nau'i ɗaya ne, bai kamata a shafa wa duk dangin kabon kashin kaji ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da inda ake juye hatsi ko niƙa shi ya ga yadda ƙura ke turnuƙewa, ta sauka a gira da gashin hanci. Abin da aka barbaɗa wa hatsi, lebura mai juye buhu da mai injin niƙa su ne za su fara shaƙarsa, tun kafin mai ci ya kai loma baki. Ba na jin daɗin duk wani rubutu a kan wannan fasaha da bai ambaci waɗannan mutane ba.

Doka ma ta taka birki. A Tarayyar Turai duk abin da aka ƙera a ma'aunin nano don a sa a abinci sai ya nemi izini a matsayin sabon abinci ƙarƙashin dokar 2015, kuma dole a rubuta kalmar nano a jikin kwali. A robar ɗaure abinci ma ba a yarda da siffar nano ba sai an ambace ta da sunanta a cikin izinin. Labarin farin sinadarin nan E171, wato titaniyom dayoksaid, ya isa ishara. An shafe shekaru da dama ana sa shi a alewa da cingam, sai a 2021 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce ba za ta iya ci gaba da kiransa mara illa ba, saboda ta kasa kawar da shakkun cewa ƙananan ƙwayoyinsa na taɓa ƙwayoyin gado. A 2022 Tarayyar Turai ta haramta shi a abinci. Wanda zai nemi a zuba sabuwar ƙwayar nano a cikin hatsi, wannan katangar zai tarar a gabansa, kuma a ganina daidai ne ya tarar da ita.

Inda nake ganin haske

Ban fid da rai da kabon ba. Kawai dai ina ganin gurbinsa a gefen abinci yake, ba a cikinsa ba. Ɗigon kabon na ƙyalli, kuma ana iya shirya shi yadda ƙyallin zai dushe ko ya ƙaru in ya haɗu da afulatoksin. Girafin na sa na'urorin awo na lantarki su ji ɗan abin da da ba sa ji. In aka samu awo mai araha da sauri da za a yi a bakin mota kafin a sauke kaya, tan 10,000 irin na Jamus ba za ta kai masana'anta ba. Ana kuma gwada girafin da aka haɗa da maganaɗisu don ya kama gubar a cikin man girki, sannan a janye shi da mayen ƙarfe, ya fita da abin da ya kama. Wannan dabara ta kwanta mini, domin baƙon ya shiga ya yi aiki ya fita. Ledar ɗaure abinci mai ɗigon kabon ma ana kan gwada ta a kan 'ya'yan itace, kuma ita tambayarta ɗaya ce: nawa ne ke tsallakawa daga ledar zuwa abincin?

Kafin waɗannan su nuna, kayan aikin da aka riga aka tabbatar suna nan. Busar da masara da wuri har danshinta ya sauka zuwa kashi 13 ko 14 cikin ɗari. Tsince fasassun ƙwayoyi da masu tabo, domin a cikinsu gubar ta fi taruwa. Watsa wa gona irin Aspergillus flavus da ba ya yin guba don ya riga mai gubar kama wuri, kamar AF36 a Amurka da AF-X1 a Italiya. A shekarar rikicin madarar ma, 2013, Tarayyar Turai ta amince a riƙa sa yumɓun bentonayit a abincin shanu don ya kama B1 tun a ciki kafin ta kai jini. Duk sabuwar ƙwayar da za ta shigo, da waɗannan za a gwada ta, ba da kwalbar da ba a sa wa komai ba. Kuma bukatar na ƙaruwa: wani nazari na 2016 da Paola Battilani ta jagoranta ya yi hasashen cewa in zafin duniya ya ƙaru da digiri biyu, afulatoksin a masara zai zama matsalar yau da kullum a sassan kudancin Turai.

Gwajin da nake jiran gani a kan fularol da danginsa shi ne wanda za a yi a kan hatsi na gaske, a danshi iri-iri, wani a duhu wani a haske, a bar shi wata shida ana ɗiba duk mako. A auna B1, a auna siterigmatosistin da sauran na kan hanya, a cikin ƙwayar hatsin ba a bayanta kawai ba. In wa'adin ya cika a niƙa, a auna kabon nawa ya rage a garin, nawa ya tafi a dusar da za a ba saniya, nawa kuma ya tashi a ƙurar da ke cikin ɗakin niƙan.